Jar Fitila a Motar Baba

Sai da injin ya yi kamar minti goma yana aiki lafiya lau, sannan jar fitilar nan ta baƙin mai ta fara leƙowa a allon gaban direba. Da fari dishi-dishi, kamar garwashi a cikin toka, can kuma ta ƙara haske. Auta ya yi wuf ya kashe motar, ya zauna riƙe da sitiyari, zufa na bin bayan wuyansa. Karo na uku ke nan tun safe.

Shekararsa arba'in da bakwai, ga furfura a gemu, ga 'ya'ya uku, malamin lissafi ne da ɗalibai ke yin tsit idan ya shigo aji. Amma a wannan gida Auta ne, kuma a Auta zai mutu. Motar ta Baba ce, Allah ya jiƙansa. Shekara bakwai ta yi ƙarƙashin tamfol a kusurwar tsakar gida, tayoyi sun lotsa, kaji na saka ƙwai a kujerar baya. Babu wanda ya ɗaga mata ido sai da gwiwoyin Inna suka ƙi hawan bene, Yaya ya yanke shawarar a gina mata ɗaki a ƙasa, daidai wannan kusurwa. Yaya kuwa magana ɗaya yake yi. Ya ce ranar Asabar da la'asar motar bulo za ta zo. Ko dai tsohuwar motar ta fita daga gidan da ƙafarta, Auta ya tafi da abarsa, ko mai sayen tsofaffin ƙarafa ya zo ya yanka ta gunduwa-gunduwa. Yau ce Asabar ɗin.

Hutun makaranta gaba ɗaya a kan motar nan ya ƙare. Auta ya sauke injin da taimakon ƙarfen ɗagawa na aro, ya wargaza shi a kan tsohuwar tabarma, ya jera kowane kusa da noti a gwangwanin madara, kowane gwangwani da lambarsa. Ya sa sabbin kayan cikin inji: sabon ringi, sabon mital, sabon gasket. Littafin motar ya bi layi-layi, inda littafi ya yi shiru ya tambayi wayarsa. Jiya da ta tashi a murzawa ta biyu, sai da ya juya baya ya share ido da hannun riga, don kada matar Yaya ta gani ta kai labari.

Yanzu ga jar fitila. Kuma ya san abin da littafi ya ce: fitilar baƙin mai da ke kamawa bayan inji ya yi zafi, alama ce mai ba ya kaiwa inda ya kamata. Wato ya yi kuskure a can cikin ciki, inda sai an sake sauke komai. Wato injin da Baba ya lallaɓa shekara arba'in bai taɓa ba shi kunya ba, shi ya zo da iliminsa ya kashe shi cikin mako shida. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Yaya ya fito da kofin shayi, ya tsaya nesa kaɗan don kada baƙin mai ya taɓa masa farar riga.

"Injiniya, yaya dai? An tashi jirgin?"

"Fitilar mai ce, Yaya. Sai ta yi zafi take kamawa."

"To cire ƙwan fitilar mana, ka huta."

"In cire, in hau titi, injin ya kama da ni a hanya?"

"Ai da ma na faɗa maka. Alli daban, sifana daban." Ya kurɓi shayi, ya dubi agogo. Ba mugunta ba ce. Yaya shi ya ɗauki gidan nan a ka tun ranar da aka rufe Baba, kuma mutumin da ke ɗauke da gida ba ya da lokacin tsayawa shafa tsohuwar mota. "Ƙarfe huɗu direban bulo ya ce. Ba zan mayar da shi ba, Auta."

Auta ya koma kan aiki kamar mai warware lissafi a allo, daga mai sauƙi zuwa mai wuya. Ya zaro sandar awon mai, ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Mai na nan daidai layinsa, garau kamar zuma. Ya leƙa ƙarƙashi, babu ko ɗigo. Ya kwance sensar man, ɗan ƙarfen nan mai kamar kan fitila da ke gefen inji, wanda shi ke gaya wa fitila ta kama ko ta mutu. Ya sa sabuwa da ya saya tun farko ya ajiye. Minti goma, fitila ta dawo abinta.

Ya hau babur ya je bakin titi wurin makaniki, ya aro gejin awon ƙarfin mai. Makanikin ya ba shi yana murmushin da masu sana'a ke yi wa mai gyara a gida. Auta ya dawo ya ɗaura gejin a ramin sensa, ya tayar da mota, ya tsuguna yana kallon allura kamar mai jiran sakamakon asibiti. Allura ta hau, ta tsaya inda littafi ya ce. Inji ya yi zafi, ta ɗan sauko, ta sake tsayawa inda littafi ya ce. Mai na tafiya lafiya. Ya miƙe da murna ya leƙa ta taga, sai ya ga jar fitila na kallonsa, alhali ko sensar ba ta jikin mota, wayarta ma a iska take lilo.

Nan kansa ya ɗaure. Ya zauna a kujerar direba, ƙofa a buɗe, ƙafa ɗaya a ƙasa. Warin kujerun bai canza ba, ƙura da tsohuwar leda da ɗan ƙanshin man gashin Baba da ya kama matashin kai. Su shida, shi da 'yan'uwansa, ake lodawa a baya idan za a je gaida kaka, gwiwa a kan gwiwa, ana faɗa a kan taga. Baba ma'aikacin gidan waya ne, bai taɓa kai motar nan gareji ba. Kowace Lahadi da hantsi sai ya tuɓe ya bar singileti, ya buɗe bonet, ya yi ta hira da injin kamar da tsohon aboki. Auta ya yi kewarsa a lokacin, kewa mai nauyi, har ya ji haushin kansa da bai taɓa tsayawa ya kalli abin da hannuwan mutumin ke yi ba.

Inna na zaune a inuwar baranda tun safe, ƙafafu a miƙe, tana jan carbi. Ba wanda ya tambaye ta komai. Wa zai tambayi tsohuwar da ba ta taɓa riƙe sitiyari ba?

"Auta," ta kira. "Da ka murza makulli, tana gaishe ka?"

"Wa, Inna?"

"Jar fitilar. Mahaifinku kullum in ya murza, kafin inji ya tashi, sai ta kama tukuna. Ya ce, to, ta gaishe ni. Inji na tashi sai ta mutu."

Auta ya kashe motar, ya jira ta huce, ya mayar da sensa, ya murza makulli rabi. Fitilar batir ta kama. Ta mai ko ƙyas. Sai allurar zafin inji ce ta yi tsalle ta buga can ƙarshen ja, a injin da ya huce. Ya tayar, allurar ta faɗi ƙasa ta kwanta. Tun jiya take haka, shi kuwa ya ɗauka tsufa ne.

"Ba ta gaishe ni ba, Inna."

"Kamo hannuna."

Ya kamo ta, suka taka a hankali zuwa gaban motar. Ta dafa ƙarfe, ta sunkuya, ta ƙanƙance ido tana bin gefen injin da kallo. Wayoyi biyu rawaya ne suka fito daga dami ɗaya, kauri ɗaya, baki iri ɗaya. Ɗaya ta tafi sensar mai, ɗaya ta tafi sensar zafi da ke ɗan sama da ita. Auta ya naɗe su da sabon baƙin tef, sun miƙe sumul, gwanin sha'awa.

"Ina ƙullin?"

"Wane ƙulli?"

"Akwai ƙulli a jikinsu. Ɗaya a wannan, biyu a waccan."

"Au, wannan? Na kwance, Inna. Littafi ya ce lanƙwasa tana karya waya. Na liƙa musu takarda na rubuta suna, sai fetur ɗin wanki ya cinye rubutun. Amma na tuna yadda suke."

Inna ta ɗago ta dube shi irin kallon da take masa tun yana ɓoye katin jarrabawa a bayan randa.

"Ka tuna. Sannu, mai tunani. Shekarar da aka haife ka ɓera ya cinye wayoyin nan. Mahaifinku ba shi da wata sai rawaya, ragowar aikin ofis. Ya ce in ƙulla masa alama, shi yatsunsa kamar taɓarya. Ɗaya na mai, biyu na zafi. Ni na ƙulla su da hannun nan, kana goye a bayana. Shekara arba'in da bakwai ba wanda ya kwance sai mai digiri."

Daga ƙofar falo Yaya ya tuntsure da dariya har shayi ya sarƙe shi. Auta ya dubi wayoyin. Lissafin ya fito masa fili. Wayar fitila ya kai wa sensar zafi, shi ya sa take kamawa idan inji ya ɗumama. Wayar allura kuma ya kai wa sensar mai. Ya zare wannan, ya zare waccan, ya musanya. Aikin bai kai ƙiftawa uku ba.

Ya murza makulli rabi. Jar fitila ta kama tar. Ya ƙarasa murzawa, inji ya tashi, ta mutu. Suka tsaya su uku suna jira. Minti goma, minti ashirin, rabin sa'a. Allurar zafi ta hau a hankali ta tsaya tsakiya. Fitila ba ta sake motsi ba.

Yaya ya zo ya daki kafaɗarsa, bai ma damu da farar rigar ba. "To, Injiniya, ka ci. Bari in kira mai ƙarafa in ce ya sha zamansa. Fitar da ita kafin bulo ya iso."

Auta ya juya wurin Inna yana washe baki kamar ɗan firamare, yana jiran yabo. Ta koma kan kujerarta, ta karkatar da kai, tana sauraron injin. Fuskarta ba ta murna ba ce.

"Ta warke, Inna. Ji yadda take tafiya sumul."

"Na ji. Allah ya yi maka albarka." Ta ƙara kasa kunne. "Sai dai ba muryarta ba ce."

"Kamar yaya?"

"Tana da wani ɗan ƙas-ƙas-ƙas a ciki. Tun daga kwanar titi nake jin sa, in san ya dawo, in ɗora ruwa. Duk motocin unguwar nan ba mai yin sa. Da ka ce za ka tayar da ita, shi nake ta jira in ji." Ta gyara mayafi. "Kada ka damu. Gyara ka yi, ai ba laifi ba ne. Tafi da ita."

Auta ya san ƙarar. Bawul ɗaya ne mai sako-sako, cikin 'yan ƙarafan nan masu buɗewa da rufewa a saman inji, na uku daga gaba. Lokacin gyara ya same shi a haka, ya yi tsaki, ya saita shi daidai da littafi, har yana mamakin yadda Baba ya bar shi shekara da shekaru.

Ya dubi agogo. Uku da kwata. Ya kashe motar, ya ɗauko tsumma saboda zafi, ya fara kwance notunan murfin saman inji.

"Kai, me kuma kake yi?" in ji Yaya. "Motar da ta gyaru?"

"Minti ashirin, Yaya."

Yaya ya dubi Inna. Ya je ya tsaya a bakin ƙofar gida, inda zai hango motar bulo tun daga nesa.

Auta ya sassauta notin bawul na uku, ya juya sukurun baya kaɗan, ya ɗaure. Ya ɗora murfin a kai ba tare da ya ɗaure shi sosai ba, ya tayar. Wani siririn ƙas-ƙas ya fito daga cikin rurin injin. Ya leƙo ta gefen bonet, sifana a hannu, baƙin mai har gwiwar hannu.

"Haka, Inna?"

Ta rufe ido. Carbin ya tsaya a tsakanin yatsunta.

"Ƙara kaɗan," ta ce.