Tukunya Mai Farin Ciki

A shekarun da jirgin ƙasa ya fara tsayawa a Zariya, Tudun Wada unguwar baƙi ce. Duk wanda ka taɓa daga wani gari ya zo, kuma yawancin gidajen zana ce ta raba su, ba katanga ba. In maƙwabciyarki ta soya albasa, ke ma kin san abin da za a ci a gidanta.

Irin wannan zanar ce tsakanin Maijidda da Yelwa. Maijidda matar Malam Dalhatu ce, wani mutumin Haɗeja da ya zo ɗaukar karatu wurin malaman birni, ya kafa gida a nan. Yelwa kuwa mijinta Kailani kuku ne a gidan wani Baturen reluwe. Akwai inda gara ta cinye zanar ta bar taga, daidai fuskar mace in ta zauna a kan kujera. Ta wannan tagar suke hira, ta nan ake miƙa gishiri da wuta, ta nan kowace ta san abin da ya hana 'yar'uwarta barci.

Yelwa ta girmi Maijidda, Allah bai ba ta haihuwa ba, amma ya ba ta baki da dariya. Maijidda kuwa kunya ce ta yi mata yawa. Ba irin kunyar da ke ƙara wa mace kwarjini ba, irin wadda za ta sa mutum ya taka ƙaya ya ƙi ɗingishi don kada a tambaye shi. Ni dai har yau ban ga wanda irin wannan kunyar ta amfana ba.

Matan unguwa ba su saki jiki da Yelwa ba. Cewa suke mijinta yana taɓa naman alade da giya a gidan Nasara, don haka hannunsa da kwanukan gidansa sai a hankali. In ta aika musu da abinci sai su karɓa da godiya, ta juya baya su zuba wa kaji. Akwai wadda ta taɓa aron ludayinta, kafin ta tsoma shi a miya sai da ta dirje shi da ƙasa, yadda ake yi wa kwanon da kare ya lasa. Ranar da labarin ya zo kunnen Yelwa, a bakin tagar nan ta zauna ta yi kuka. Ta ce wa Maijidda duk faɗin Tudun Wada ita kaɗai ke cin tuwonta ba ta shinshina ba.

Wata rana Kailani ya shigo da tukunya a ka, wadda matar Baturen ta ce ba ta so. Ta ƙarfe ce mai nauyin tsiya, bayanta shuɗi, cikinta an shafe shi da wani farin abu mai santsi kamar tangaran. A unguwar da kowa tukunyar ƙasa yake ɗorawa, wannan abin kallo ne. Yelwa ta ɗaga ta daga tsakar gida don Maijidda ta hango ta taga, ta ce ta raɗa mata suna Mai Farin Ciki, tun da kowa na iya gani da idonsa cikinta fari ne. Suka yi ta dariya. Daga nan ta kai ta ɗaki ta ajiye, ba ta ba kowa aro, ita ma ba ta cika ɗora ta a wuta ba.

Da Maijidda ta haifi 'yarta ta fari, Yelwa ta sa aka yanka mata kaza, ta yi farfesu da yajin jego a cikin Mai Farin Ciki, ta ɗauko da kanta har ɗaki. Maijidda ta san girman abin da aka yi mata. Ta ci ta ƙoshi, ta rufe sauran. Washegari ta ɗora a murhu don ɗumame, jaririya ta tsala kuka, ruwan wanka ya tafasa, mata masu barka suka yi sallama. Ba ta tuna da tukunya ba sai da ƙauri ya cika gidan.

Ta wanke da soso da sabulun salo, baƙin ya ragu. Ta sa toka, ya ƙara raguwa. Amma can a tsakiyar gindin akwai wani tabo ja-ja, faɗin tafin hannu, da ya ce yana nan daram. Abu ɗaya tak da Yelwa take alfahari da shi a duniya, ta ba ta, ita kuma ta ɓata. Ta ƙudurta a ranta ba za ta haɗa ido da Yelwa ba sai tukunyar ta koma fara fes, sa'an nan ta cika ta da abin kirki ta mayar, tun da ba a mayar da kwano babu komai a ciki.

Sai ta yi abin da uwarta da kakarta suke yi wa kowace tukunya mai taurin kai. Ta ɗebo yashi, ta samo tsingaro, ta zauna a bayan ɗaki ta hau dirza. Kullum da safe in Malam ya nufi birni, sai ta goya 'yarta ta ɗauko tukunya. Kuma don kada Yelwa ta leƙo ta ga ɓarnar, ta rataya tsohuwar tabarma ta toshe tagar. Abin da ba ta lissafa ba shi ne bayan ɗakin nata a jikin zanar yake, kuma tabarma ido take tarewa, ba kunne ba.

Da farko Yelwa takan kira ta. Maijidda sai ta ce tana ba yarinya nono, ko ta yi tsit kamar ba ta nan. Yelwa ba ta taɓa tambayar tukunyarta ba, ita ma tana da tata kunyar. Kiran ya riƙa raguwa, daga kullum ya koma jefi-jefi, har aka daina. Maijidda ta ji zafin wannan shirun ƙwarai, amma maimakon ta yaye tabarma, sai ta ƙara ƙarfin dirza.

Tabon bai gusa ba. Abin da ya gusa shi ne santsin. Farin ya dushe, ya cika da zane-zane, kuma duk abin da ya taɓa shi sai ya maƙale a cikin zanen. Tukunyar da ta zo da aibi ɗaya ta koma tana da ɗari.

A haka Inna Atika ta same ta, wata tsohuwar dillaliya da ke shiga gidaje da kwanukan kanti da zannuwa. Ta karɓi tukunyar ta juya, ta yi salati, ta tambaye ta wa ya gaya mata ana kai wa irin wannan yashi. Ta ce wannan farin shafen tamkar fata ne, in ta kwaile ba ta tofowa. Ruwa ake zubawa a jefa kanwa, a bar shi ya tafasa a hankali, a sauke ya huce, a goge da tsumma. In ya ƙi, a jiƙa tsamiya a bar ta a ciki. Sa'an nan ta ce mata ta daina wahalar da kanta, ta kai wa mai ita ta ba ta haƙuri. Maijidda ta karɓi shawarar kanwa da tsamiya, ta bar ta haƙurin.

Kanwa ta yi aikinta. Dauɗar da ta shiga zanen ta fita, har tukunyar ta ɗan yi haske. Tabon tsakiya kuwa ko gezau. Damina ta wuce, aka yi girbi, yarinya ta fara zama, tabarma tana nan a rataye. Wani lokaci Maijidda takan ji tarin Yelwa a ƙetaren zana, ta buɗe baki za ta ce sannu, sai ta tuna tukunya ta haɗiye.

Inna Atika ce dai ta kawo labarin. An mayar da Baturen Kailani Lakwaja, kuma jibi za su bi jirgin ƙasa, daga nan su shiga na ruwa, shi da Yelwa. Gidan ma har an sallama wa wani tela.

Maijidda ta nemi izinin Malam. Ta sa aka sayo nama, ta wuni tana dambu, ta cika tukunyar har baki. Guzuri ne na tafiya, gaskiya ne, amma kuma dambun ya rufe gindin, kuma ta san da haka. Washegari da hantsi ta goya 'yarta, ta lulluɓa, ta ɗauki tukunya, ta zaga ta ƙofar gidan da ke bayan zanarta, wanda rabonta da shi tun tana da ciki.

Ta tarar an ɗaure kaya a tsakar gida. Yelwa ta rame. Ta amsa sallama, ta shimfiɗa mata tabarma kamar baƙuwa, ta ce, "Sannu da zuwa, matar Malam." Da can sai in tana tsokana take kiranta haka, yau kuwa babu wasa a muryarta.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo wadda ba ta da komai a ciki. Maijidda ta tura tukunyar gabanta. Yelwa ta buɗe, ta kalli dambun, ta jawo ƙwarya ta juye shi duka. Sai ga gindin a fili. Ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa ta shafa zanen.

"To, ta fita?" in ji Yelwa.

"Wallahi Yaya na yi iyakar ƙoƙarina, ya ƙi fita."

"Ba tabon nake nufi ba. Najasar. Kullum da safe ina zaune a nan ina jin ki kina dirza ta da ƙasa. Na ce ko kare ne ya lasa, ai sau bakwai aka ce. Tawa wace iri ce da ta ci wata da watanni?"

Sai a lokacin Maijidda ta tuna da ludayi, da kukan da aka yi a bakin taga. Magana ta ɓalle mata, ta faɗi komai a hargitse: ɗumamen, ƙaurin, tokar, yashin, tabarmar da ta rataya don kada a ga abin kunyarta. Ta rantse ko sau ɗaya wannan tunanin bai taɓa zuwa ranta ba, kuma farfesun nan har ƙashin ta tauna.

Yelwa ta saurare ta har ta gama. Ta yi wata 'yar dariya da ba ta da daɗin ji, hawaye na bin fuskarta.

"Maijidda, tabon nan da shi ta zo. Saboda shi matar Baturen ta yar da ita. Ni ma na sa kanwa, na sa tsamiya, na haƙura. Shi ya sa daga nesa nake nuna ta."

A waje masu ɗaukar kaya sun iso, ana jin Kailani yana nuna musu abin da za su fara ɗauka. Maijidda ta kama hannun Yelwa ta ce to yanzu ai an gane, Yelwa ta roƙi maigidanta ya bar ta, ko zuwa baɗi ne.

"Ai ya bar ni," in ji Yelwa. "Ya ce in ina so in zauna a gidan, shi ya riƙa zuwa. Ni na ce masa wa nake da shi a Tudun Wada da zan zauna dominsa."

Wannan maganar ita ce ta zauna wa Maijidda a ƙirji har ƙarshen ranta. Ta yi kuka a wurin, kukan da babu kunya a cikinsa, amma an riga an karɓi gida, an riga an ɗaure kaya. Yelwa ta karɓi yarinyar da ba ta taɓa gani tana zaune ba, ta ɗora ta a cinya, ta yi mata wasa kaɗan. Da aka kira ta, ta ɗauki ƙwaryar dambu, ta tura tukunyar gaban Maijidda da ƙafa. Ta ce nauyinta ya yi yawa a tafiyar ruwa, ta riƙe mata, in ta dawo ta karɓa. Ta ƙara da cewa aro ne, kada ta sake ta kai mata yashi.

Maijidda ta koma gida ta yaye tabarmar. Ta taga ta ga tsakar gida wayam, sai murhu da toka. Bayan kwana biyu matar tela ta sa aka ɗinke wurin da sabuwar zana.

Yelwa ba ta dawo ba. Sau ɗaya wani ɗan kasuwa ya kawo gaisuwarta daga Lakwaja, daga nan ba a ƙara jin ɗuriyarta ba. Maijidda ta ci gaba da girki a tukunyar, ba ta ƙara dirza ta ba, sai ruwan kanwa da tsumma. Amma zanen da ta yi da hannunta ya yi ta shan miya da mai shekara da shekaru, har cikin ya rine gaba ɗaya, aka kasa gane inda tabon farko yake.

Ta tsufa a gidan, unguwa ta cika, katangu suka maye gurbin zana. Jikokinta in ta ce a ɗauko mata Mai Farin Ciki sai su yi ta dariya, su leƙa su ce ai Inna wannan cikinta baƙi ne ƙirin, a sake mata suna. Ita kuwa takan ce ba ta da ikon sakewa. Mai ita ce ta sa mata, kuma ba ta zo ta karɓa ba tukuna.