Jiƙon Sama'ilu

"Kai ka cuci 'yata, Sama'ilu! Kashe lasifikar nan ka dube ni."

Inna Hussaina ce tsaye gaban motar mai maganin gargajiya a tsakiyar kasuwar Tsanyawa, mayafinta ya zame, ko gyarawa ba ta yi ba. Masu awon gero suka dakata.

Hashimu, mijin 'yarta Aina'u, bai ɓoye komai ba. Tun kafin ɗaurin aure ya durƙusa gaban Inna ya ce yana ɗauke da ƙanjamau, amma kullum yana shan magani. Da ƙafarta ta bi su asibiti. Malamar asibitin ta ce mata ƙwayar cutar ta cikin maniyyi take shiga jikin mace. Muddin bai fasa shan magani ba, gwaji kuma yana nuna ta kwanta, Aina'u ba za ta ɗauka ba. Inna ba ta yi boko ba, amma wannan ta riƙe shi gam.

Lafiya lau suke zaune har ranin bara, da Hashimu ya kawo tumatirinsa kasuwar nan daga lambun Watari, ya ji lasifika tana shelar jiƙon da ke wanke jini da maniyyi tas. Dama ya gaji da haɗiyar ƙwaya. Ya sayi galan guda, ya daina zuwa asibiti, bai faɗa wa kowa ba sai da ciwo ya kwantar da shi.

An binne shi kafin cirar gyaɗar bana. Aina'u ta je awon ciki, aka ce ta kamu.

"Haba Inna," in ji Sama'ilu yana murmushi, "waraka ai ta Allah ce. Ƙila bai kiyaye sharaɗi ba. Na ce masa ban da miyar kuɓewa."

"Kuɓewar gidanku! Kai ka ce ya zubar da na asibiti, ko ba kai ba?"

Sama'ilu ya shiga tattara galan-galan yana cusawa a bayan mota. Inna ta zauna daram gaban tayar.

"Yarinya tana takaba da ciki, tana haɗiyar ƙwaya don jaririn ya tsira, kai kuma ka wuce Makoda ka ci wata kasuwar? Sai dai ka bi ta kaina. Jama'a, ku kira Sarkin Kasuwa! Yau sai mutumin nan ya faɗa da bakinsa maza nawa ya raba da maganinsu, matan wa kuma ya jefa a halin da Aina'u take ciki."