Mutumin Bergen da Fadamata

An yi mini aikin ƙugu a Trondheim. Kwana arba'in na yi a gidan 'yata Jorunn ina kallon motoci ta taga. Da Agusta ya kama na ce a mai da ni gida Lierne. Multe, wani ɗan 'ya'yan itacen daji mai fitowa a fadama, ya kusa nuna, ni kuwa tun ina shekara tara ban taɓa fashin tsinkarsa ba.

Jorunn ta ce aiki ya riƙe ta, mijinta Sverre zai kai ni. Mutumin Bergen ne, bakinsa ba ya hutawa ko yana tauna. Tafiyar awa biyar ce, shi ya ce kwana biyu za mu yi, wai ya jera gonaki da ƙananan shaguna a wayarsa, ba za mu taɓa abincin gidan mai ba. Shekara shida da aurensu, bai taɓa neman zaman awa ɗaya da ni ba. Na sa ido.

Na naɗe burodina a takarda, na cika fulas da gahawa. Ba na dogara da cikin wani.

A Inderøy ya tsaya wata gona aka kawo mana sodd, romon tunkiya da curin nama, dankali da karas a gefe. Ba laifi. Na matata Borghild, kafin ta rasu, ya fi shi. Sverre bai sa cokali ba sai da ya ɗauki hoton kwanon, ya rubuta sunan gonar da hanyar da ake bi a zo, ya tura a intanet. Na tambaye shi mutum nawa ke ganin abin. Ya ce sun fi dubu huɗu, yana murmushi. Na ajiye cokalina.

Ina da fadama. Mahaifina ya nuna mini ita, shi ma nasa ya nuna masa. A shekara mai kyau multe yana rufe ta, sai ka rasa wurin taka ƙafa. Borghild ta san ta. Jorunn ba ta taɓa tambaya ba, ta gudu birni tana shekara goma sha takwas. Maƙwabcina Halvard ya yi shekara arba'in yana bin sawuna, bai same ta ba, don a bakin coci nake ajiye mota in nufi kudu, fadamar kuwa tana arewa.

Da yamma muka tsaya wata gona kusa da Snåsa. Cuku, kyafaffen kifin tafki, busasshen burodi mai ƙaras-ƙaras. A ƙarshe matar gidan ta kawo multe da kirim, na bara, daga firji. Sverre ya lashe kwanon, ya ɗaga kai ya tambaye ta a ina ta tsinko.

Mijinta ya daina tauna. Matar ta dube ni, kamar ni na haifi yaron.

"A kan dutse," ta ce, ta kwashe kwanuka.

A mota na gaya masa ba a yin wannan tambaya. Ya ce shi don yabo ya yi. Sannan ya ce, to ni fa, fadamata tana da nisa daga gida? Na ce barci nake ji.

Muka kwana a Grong. Da safe na buɗe bayan mota neman sandata. Ƙarƙashin bargo na ga sababbin takalman roba, takardar shago ba a ko cire ba, da bokiti biyu masu murfi, da hular sauro. Na rufe. Ashe romo da cuku duk share fage ne.

Kafin a shiga ƙauyenmu akwai wata fadama a bakin titi, kowa ya san ta, har baƙi. Na ce ya tsaya.

"Nan ce," na ce. "In wani ya ji, kada ka ƙara taka gidana."

Ya sa takalman ya shiga da gudu kamar maraƙi. Ya fara tsinkar jajaye masu tauri, na daka masa tsawa. Ja ɗanye ne. Nunanne rawaya ne, yana faɗowa hannu da kansa, wanda ya tsinki ja ya cuci na bayansa. Ya ciro waya, ya dube ni, ya mayar aljihu. Na ga wannan, amma ai ina tsaye a wurin ne, idona a kansa.

A shagon ƙauye na ce ya jira ni, zan nemi madara. Halvard na zaune a teburin gahawa, inda yake kullum. Na laɓe bayan gwangwanayen wake.

"Kai ne surukin gurgun nan?" in ji Halvard. "Na ga laka a takalminka. Ina ya kai ka?"

Sverre ya ja kujera. Ya ba shi labarin ruwan saman Bergen, da romon Inderøy, da yadda ake kyafa kifi da itacen daji, da batirin motarsa, da wata gwaggonsa mai kiwon awaki. Gahawar Halvard ta huce.

"Multe nake tambaya, ɗan birni."

"Multe? Wannan na cikin kwalba? Ashe a nan ake yinsa?"

Halvard ya juyo ya ɗaga murya. "Ottar, fito daga bayan waken nan, ina hango sandarka. Ka koya wa yaro ƙarya tun bai sauke kaya ba."

"Da ita ya zo," na ce.

Abin bai kwantar mini da hankali ba. Wanda ya iya yi wa Halvard ƙarya haka ba tare da ƙifta ido ba, ni ma zai iya yi mini.

Washegari na shirya fita ni kaɗai. Na tarar da shi a ƙofa da bokitansa.

"Suruki, ta jiya ba ita ba ce," ya ce. "Akwai sawun mutum goma da ledar alawa."

Ya ce Jorunn ce ta sayi takalman. Ta gaya masa da ƙugu ko ba ƙugu zan hau dutsen, in ba a bi ni ba gawata za a ɗauko. Ko gaskiya ne, ko shi ya shirya maganar, ban sani ba. Na ce waya ta kwana a tebur. Ya ajiye. Na ce agogon ma, na ji irinsa yana riƙe hanyar da mutum ya bi. Ya cire. Na laluba aljihunsa.

Muka ajiye mota a bakin coci, muka nufi kudu, muka zaga ta cikin kurmi. Niyyata in juya shi har ya rasa gabas, ya tsinka, ya dawo bai san inda ya je ba.

A rafi na biyu ƙugun ya ƙi. Na gwada sau uku. Na zauna a kan dutse, gumi na zuba. Saura tafiyar awa biyu. Sverre ya ce mu koma, a dawo wani makon. Wani makon multe ya zube, kuma na san ƙafar nan ba za ta ƙara kai ni ba, bana ko baɗi. Ko in faɗa wa wannan mai surutun, ko a binne ni da ita.

Na daɗe ina kallon ruwa.

Na gaya masa. Ya bi rafin har inda ya rabu biyu, ya ɗauki na hagu. Zai ga busasshen itace da tsawa ta tsaga, ya ba shi baya, ya hau tudu, ya sauka ta tsakanin duwatsu biyu. Ban rage ba, ban karkatar ba. Ya maimaita sau ɗaya ya tafi.

Na ci burodina. Na sha gahawa. Sauro ya ci rabonsa.

Rana ta karkata ya dawo, jiƙe har cinya, fuska duk cizo. Bokiti ɗaya cike, ɗaya rabi. Na zuba hannu na juya har ƙasa. Babu ja ko ɗaya. Na sa guda uku a baki. Na fadamata ne, ba na kuskure ɗanɗanonta.

Na tambaye shi me ya hana na biyun cika. Ya ce gefen arewa bai nuna ba, ya bar shi. Na tambaye shi ko ya ga sawun wani a wurin. Ya ce babu ko ɗaya.

Na dube shi sosai. Ban san ko gaskiya ya faɗa ba, kuma ba ni da ƙafar zuwa in duba.