Lemon Kwalin Inna

Guduma mai walda bai taɓa juya kwalin lemo ya duba bayansa ba. Shi a wurinsa kaya mai kyau a hannu ake gane shi: ka ɗaga ka ji nauyi, ka ƙwanƙwasa ka ji sauti, kamar yadda yake zaɓen ƙarfe. Ga shi kuma wutar walda ta daɗe da cinye masa ido, don ya ce gilashin kare ido na ragwaye ne. Ƙananan rubutu sai ya gan su kamar tururuwa.

Tun da likita ya ce Inna, mahaifiyarsa, tana da ciwon sukari, Guduma ya kafa doka a gidan. Ya taɓa zazzage gwangwanin sukari guda a kwata, a gaban baƙi, ko kunya babu. Amma tsohuwa ta fara ƙin cin abinci, sai ya je wurin mai shagon bakin titi ya ce a ba shi abin sha na masu irin ciwon. Mai shago ya sauko da wani kwali mai hoton koren ganye, ya ce, "Wannan 'ya'yan itace ne zalla, har likitoci shi suke sha." Guduma ya ɗaga, ya ji nauyi, ya yarda. Daga ranar, kullum ya tashi daga aiki sai ya biya ya saya, ya tsiyaya wa Inna a kofi, ya zauna bakin gadonta har ta shanye.

Yanzu ga Inna kwance a asibiti, gyambon yatsan ƙafarta ya yi baƙi ya fara hawa sama. Likita ya ce in sukarin bai sauka ba, ƙafar za ta tafi. Guduma ya iso da kwalinsa a leda kamar kullum. Ƙanwarsa ta tare shi a baranda, ta karɓi kwalin ta juya bayansa. Da safen nan wata nas ta koya mata cewa abin da aka fara rubutawa a jerin kayan haɗi, shi ya fi yawa a ciki.

"Yaya, ka san me ke cikin nan?"

"'Ya'yan itace mana."

"Ruwa ne na farko. Sukari na biyu. 'Ya'yan itacen suna can ƙarshe, bayan kala da ƙamshi." Ta nuna masa rubutun da yatsa. "Wannan kake ta ɗura mata?"

Guduma ya fizge kwalin, ya juya. A hanya ya biya ta wurin aikinsa ya ɗauki guntun rodi.

Mai shago na ganinsa ya washe baki. "A'a, Guduma, yau sau biyu? Yaya jikin Inn..."

Rodin ya sauka a kan gilashin kantar shagon, ya tarwatse. Guduma ya share layin lemon da duka ɗaya, kwalaye suka fashe, jan ruwa ya malale a ƙasa yana danƙo. Ya tsallaka kantar, ya shaƙo wuyan rigar mutumin, ya buga shi da firji har ƙofar ta lotsa. Sannan ya manna masa bayan kwalin a fuska da ƙarfin da ya sa hancinsa ya yi ƙas.

"Karanta min!"

"Don Allah, Guduma..."

"Na ce karanta! Me ke na biyu?"

Jini na zuba a kan rubutun. Mai shago ya ƙanƙance ido. "Su... sukari. Wallahi ban taɓa dubawa ba! Mai kawo kaya ne ya faɗa min haka. Ni ma shi nake kai wa 'ya'yana!"

Wannan amsa ta ƙara tunzura Guduma, domin ta yi kama da tasa. Ya kai masa naushi a baki, ya ƙara, haƙori ya faɗo cikin lemon. Da ya ɗaga rodin sama, mai faci na maƙwabta ya rafka masa benci a ƙeya. Mutane suka yi masa rubdugu, wani na ihun a kira 'yan sanda. Ya watsar da su, ya fita da gudu, kansa a fashe, tafin hannunsa cike da ɓaraguzan gilashi.

Haka ya shiga ɗakin Inna, riga jina-jina. Ƙanwarsa ta toshe baki. An yaye zanen da ke ƙafar tsohuwar, kuma a ƙasan gwiwa likita ya ja layi da alƙalami, ya zagaye ƙafar. Guduma ya san wannan layin. Shi ma irinsa yake ja wa ƙarfe da alli kafin ya yanka.

"Gobe da safe," in ji ƙanwarsa.

Ya zube a gaban gadon. "Inna, cutarmu aka yi. Lemon nan sukari ne. Amma na rama miki, sai da na zubar masa da haƙora."

Inna ta daɗe tana kallon jinin da ke kansa. "Kai dai har ka tsufa ba ka san inda ake dukan abu ba. Me bawan Allah ya yi maka? Ai na san da zaƙi tun kurɓar farko. Ƙafata ce ta mutu, ba harshena ba."

"Kin sani? To me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Da na faɗa, da ka daina kawowa. Kai kuwa in ba ka zo da abu a hannu ba, a bakin ƙofa kake gaishe ni ka wuce. Lemon nan kaɗai ke zaunar da kai."

Guduma ya ji kamar an sake rafka masa bencin. Ya buɗe baki, kuka ya riga magana fitowa. A bakin ƙofa 'yan sanda biyu suka tsaya, mai faci na nuna shi da yatsa.

"Ku ɗan yi haƙuri, 'ya'yana," Inna ta ce musu. Ta dubi ɗanta. "Tsiyayo min ruwa."

Ya tsiyaya da hannunsa mai jini, ya zauna bakin gadon. Ta karɓi kofin da hannu biyu, ta shiga kurɓa kaɗan-kaɗan, ba ta ko gaggawa.