Gyambon da Ya Cika Tsabta

"An ƙi," in ji mutumin taga ta uku. Ya turo takardar ta ƙarƙashin gilashi, ko kai bai ɗago ba.

Tela ta ɗauka ta duba. Hoton diddigen mijinta ne maƙale a sama, da rula a gefen gyambon, a ƙasa kuma jan hatimin kamfanin inshora ya haye rabin rubutun.

"Ban gane ba, ranka ya daɗe. Me aka ƙi?"

"Bandejin azurfa da injin zuƙar ruwan ciwo. Likitanmu ya duba hotunan mako huɗu, ya ce ƙafar tana samun sauƙi. Sashe na tara ya ce sai gyambon da ya gagari wankin yau da kullum ake ba wa waɗannan kaya. Naku bai gagara ba."

"Likitan naku ya taɓa ganin ƙafar?"

"Ya ga hoto."

"Hoto yana wari ne? Hoto yana zafi in an taɓa?"

"Hajiya, akwai mutane a bayanki."

Ta koma bencin jira ta zauna jagwab. Shekara goma sha tara mijinta yana tuƙa motar kaya ta masana'antar sabulu, babu watan da ba a cire kuɗin inshora daga albashinsa ba. Ko ciwon kai ta yi sai ya zaro katin daga aljihu ya kaɗa mata, ya ce, "Kwantar da hankalinki, mu masu kati ne." Sai ga ƙusa guda a filin lodi ta huda takalminsa. Ciwon suga ya daɗe da kashe masa jin tafin ƙafa, bai ma sani ba sai da ya cire safa ya gan ta jiƙe da jini.

Wata biyu ke nan. Bakin gyambon bai wuce maɓallin kwat ba, amma Sista, nas ɗin ɗakin wankin ciwo, ta zura tsinken auduga a gaban idon Tela, ya shige kusan tsawon yatsa. "Kin gani? Rami yake yi ta ciki," in ji ta. "Bandejin nan na kullum baki kawai yake rufewa. In ba a sa masa na azurfa da injin da zai riƙa tsotse ruwan ba, zai kai ƙashi. In ya kai ƙashi kuwa, maganar ƙafa ake yi." Ita ce ta cika fom ɗin. Akwai gurbin tsawo, akwai gurbin faɗi, babu gurbin zurfi. Tela ta ce ko aljihun wando za ta ɗinka sai ta auna zurfinsa. Sista ta ce ba ita ta buga fom ɗin ba.

"Mu gani, 'yar nan."

Wata tsohuwa ce a gefenta, da jakar leda cike da takardu a cinya. Kafin Tela ta ce wani abu ta zare takardar daga hannunta, ta kai ta dab da hanci.

"Kai! Wannan ai ya fi fuskata kyau. Sau nawa kike wanke shi?"

"Safe da yamma, Inna. Ranar Laraba kuwa, da yake ranar hoto ce, sai na wanke shi tas da ruwan gishiri kafin mu fito, in share gefen, in sa sabon bandeji."

Tsohuwar ta yi dariya har da tari. "Sana'ar me kike yi?"

"Ɗinki."

"Shi ya sa! Kin saba ba kya miƙa kaya sai da guga. To ke kika kayar da mijinki. Shekarata biyu ina zarya a nan a kan ɗana da kwanciya ta cinye wa baya. Duk wanda kika gani a bencin nan ya san ba a wanke ciwo in ranar hoto ta gabato. A bar shi kwana huɗu, ya kumbura, ya kawo mugunya, ya yi muni. Su ba mai jinya suke so ba, ƙazami suke so."

"In bar mijina ya ruɓe don a ɗauke shi hoto?"

"Ni dai na gaya miki yadda ake cin taga ta uku."

* * *

Direba, mijin nata, yana kishingiɗe a falo, ƙafar a kan matashi biyu, rediyo a ƙirji. Da ganin yadda ta jefar da jaka ya rage muryar rediyon.

"Uwargida ran gida, yaya? Sun ba mu injin ko sai an yi masa rajista da lamba?"

Ta kwashe duka ta gaya masa. Ya ɗaga ido yana kallon silin.

"Wato laifinmu tsabta."

"Laifina dai. Ni ce nake jin kunyar a buɗe ƙafarka a gaban mutane a ce matarka ƙazama ce."

"To a bar shi ba wanki."

"Ba za a bar shi ba! Kai ka ji abin da Sista ta ce."

"Ke kuma kin je kantin magani kin ji. Ko kin sayar da keken ɗinkin nan da ni a kai, mako guda ba zai saya ba, ana neman shida." Ya gyara kwanciya, ya yi murmushin nan nasa na gefen baki. "Kwana huɗu ne fa. Na taɓa kawo mota gida ba birki."

Washegari ta koma asibiti ita kaɗai, ta tare Sista a bakin ɗakin wanki. Sista ta dubi hagu da dama, ta ja ta bayan labule.

"Ni ba zan taɓa ce miki ki bar ciwon mai suga ba wanki ba. Haɗari ne, kuma aikina zai tafi. Na rubuta musu zurfin a gefen fom sau biyu, suka ce kwamfutarsu ba ta karanta gefe." Ta sauke numfashi. "Abin da kyamara ta gani ranar Laraba, shi nake aikawa. Iyakar abin da zan ce ke nan."

Ranar Asabar da safe Tela ta dafa ruwa, ta zuba gishiri, ta jera auduga da almakashi a faranti kamar kullum. Ta tsaya a kan mijinta da kwanon a hannu. Ya girgiza mata kai. Ta juya ta tuttule ruwan a makwarara.

Lahadi ta wuni a kan keke, tana taka shi kamar shi ya yi mata laifi. Ta ɗinka hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinka shi a baibai. Litinin warin ya fito daga falo ya iske ta a shagon ƙofar gida. Wata mai karɓar ɗinki ta tambaya ko ɓera ne ya mutu, Tela ta ce e, ɓera ne. Talata da hantsi jikinsa ya ɗau zafi, haƙoransa suna haɗuwa. Ta ɗauko kwano.

"Ajiye," ya ce, muryarsa na rawa. "Saura kwana ɗaya. Kar ki ɓata mana wahalar kwana uku."

Ta ajiye.

* * *

Laraba, da Sista ta warware bandejin, sai da mai shara ya fita daga ɗakin. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, fatar gefen ta yi baƙi. Sista ta jawo kyamara. Ta ɗora rula, ta ɗauki hoto, sannan ta ajiye kyamarar ta ruga kiran likita.

Likitan ya duba, ya sa aka yi hoton ƙashi, ya dawo fuska a murtuke. "Ya fara taɓa ƙashi. Zan kankare ruɓaɓɓen naman yau, in sa masa allurai. In aka ɗaura injin da bandejin azurfa cikin kwana uku, ina sa ran za mu ceci ƙafar. In ya wuce haka ba ni da alkawari. Wa yake wanke masa ciwon nan?"

Tela ta buɗe baki, Direba ya riga ta. "Ni ne na hana a taɓa, likita. Taurin kai gare ni."

Ba ta tsaya jiran lif ba. Ta sauka bene uku a guje, ta tsallake titi, ta kutsa layi har taga ta uku, ta manna sabon hoton a jikin gilashi.

Mutumin ya gyara tabarau ya duba, ya gyaɗa kai kamar malamin da ɗalibi ya burge. "Yawwa. Yanzu kam ya cika sharaɗi."

"To ba ni takardar in kai."

"Kwamiti zai zauna. Kwana goma sha huɗu na aiki."

"Likita ya ce kwana uku!"

"Kayan ɗauri ba su da layin gaggawa, Hajiya. Gaggawa ta tiyata ce." Ya lashi yatsa ya buɗe wani shafi. "Misali in likita ya ce a yanke, wannan yana sashe na ɗaya. Waya kawai zai bugo, cikin awa guda mun amince. Har da sandunan dogarawa a ciki."

Ta dube shi. Sai ta ji muryarta ta cika ɗakin ba tare da ta yi niyya ba.

"Awa guda ku yanke, mako uku ku ɗaure? Na wanke kun ce ya yi kyau da yawa, na bari kun ce in jira kwamiti! Shekara goma sha tara kuna ɗiba daga albashin bawan Allah nan, wata rana ya taɓa ce muku ku jira kwana goma sha huɗu na aiki? Fito daga bayan gilashin nan ka zo ka shinshina abin da kuka sa na yi da hannuna!"

"Ni ba ni na rubuta dokar ba."

"Kowa ba shi ya rubuta ba! To wa ya rubuta? Ku nuna mini shi, ƙafa nawa gare shi?"

Mai gadi ya zo ya tsaya a gefenta, yana ba ta haƙuri a hankali. A benci tsohuwar nan ta sunkuyar da kai a kan jakar ledarta, ba ta ɗago ba har Tela ta fita.

Ranar Asabar zazzaɓin ya ƙi sauka, baƙin ya hau sama. Likita ya buga waya da ƙarfe goma. Kafin sha ɗaya amincewa ta iso.

* * *

Bayan mako uku, da la'asar, wata farar mota ta tsaya a ƙofar shagon. Wani mutum mai rigar kamfani ya sauko da katan babba da ƙarami, ya dire a kan teburin yanka.

"Barka da arziki, Hajiya, an amince! Bandejin mako shida da inji. Sa hannu a nan. Sai kuma in ɗauki hoton kayan kusa da ƙafar da za a yi wa aiki, ƙa'ida ce."

Direba yana zaune a kujerar bakin ƙofa, sandunansa jingine da bango, zane a cinyarsa. Ya yaye zanen a hankali.

"Ɗan'uwa, ƙafar tana wajenku. Ka tambayi taga ta uku."

Mutumin ya dubi inda gwiwa ta ƙare, ya dubi fom ɗinsa, ya juya shi baya ko akwai gurbin wannan. Babu. Ya ce ba a ba shi izinin mayar da kaya ba, ya bar su, ya ja mota.

Tela ba ta buɗe katan ɗin ba. Ta ture shi gefe, ta shimfiɗa wandon aikin mijinta a kan teburin. Ta zaro tef daga wuyanta ta auna daga ƙugu zuwa ƙasan gwiwar hagu, ta ƙara yatsa biyu, ta ja layi da alli. Almakashin ya ci yadin sau uku, guntun ya faɗi ƙasa. Ta kalmashe bakin, ta bi shi da keke.

Sannan ta jona dutsen guga, ta tsaya tana jira ya yi zafi.