Saude Ta Kife Kwanonta

A ƙauyensu da ke gefen Yekuwa, kowa ya san Malam Sale da ci. Ko a wurin gayya, mata sukan ware masa nasa tuwon daban tun bai wanke hannu ba. Shi ya sa da lokacin roron wake ya zo, ya fara tsakurar abinci yana ture kwano, matarsa Saude ta san ba lafiya ba.

Shi kansa bai gane kan abin ba. Yunwa ta ɗauke masa ɗungurungum, ƙamshin daddawa ma tashin zuciya yake sa shi. Ga wani ciwo a kwiɓinsa na dama, ya murɗa ya gangara har mara, can kuma ya lafa. Fitsarinsa ya yi ja. Wannan kam bai faɗa wa kowa ba.

Saude ta dama fura, bai sha ba. Ta yi ɗanwake, ta yanka zakaranta, duk a banza.

"Malam, mu je likita," in ji ta.

"Wake na zuba a gona, ki ce likita? Shawara ce kawai, za ta wuce."

Ba ta yi musu ba. Ta ɗauki kwanonta, ta juye tuwon a na jikoki, ta kife shi a gabansa.

"To, ni ma na ƙoshi. Ran da ka ci, na ci."

Ya ɗauka wasa take yi. Washegari ta ɗebo ruwa a rijiya, ta yi daka, ta wuce gona, ba komai a cikinta sai ruwa. Tana dafawa, tana rabawa, tana raha da maƙwabta, ko gori ba ta yi masa ba. Wata la'asar yana kwance a inuwar rumbu, ya ga ta shigo da kwandon wake a ka, ƙafarta ta harɗe, ta dafa danga ta tsaya. Ta ɗauka ba mai ganin ta. Da jirin ya sake ta, ta gyara gammo ta wuce.

Sale ya yunƙura ya tashi zaune. "Saude," ya ce, "ɗaura wa jakin nan amalanke."

Ita ta kora jakin har asibitin Yekuwa. Manjo, wato babban ma'aikacin jinya, ya danna kwiɓin, Sale ya zabura.

"Baba, fitsarinka fa?"

Sale ya saci kallon Saude, sannan ya faɗi gaskiya. Manjo ya yi masa allura, ya tura su Magaria. A can aka haska cikinsa da na'ura, aka ga tsakuwa a ƙodarsa. Likitan ya ce ƙarama ce, za ta fita da magani da yawan shan ruwa, kuma ita ta hana shi cin abinci.

Bayan 'yan kwanaki tsakuwar ta fita, ba ta kai ƙwayar dawa ba. A bakin asibitin suka raba kunu a kofi ɗaya. Sai da Saude ta ga ya haɗiye sannan ta kurɓa.

A taksin komawa gida barci ya kwashe ta, kanta na bugun gilashi. Sale ya cire hularsa, ya ninke, ya saka mata tsakanin kanta da ƙofar. Mutumin da ke gefensa ya tambaya ko ita ce marar lafiyar.

"A'a," in ji Sale. "Gajiya ce. Ku rage surutu."