Gangunan Baba Alidu

Ƙafafunsa kawai Hamsatu ta hango, sun leƙo daga bakin gangar da ke kwance suna karkarwa. Ta yar da matsamin ƙosai, ta tsallake kwata a guje, ta kama ƙafafun ta jawo shi waje. Wani wari ya biyo shi, kamar kananzir da ruɓaɓɓiyar tafarnuwa, har sai da ta kau da kai.

"Baba Alidu! Baba, kana ji na?"

Tsohon ya jiƙe sharkaf da gumi, miyau na zuba ta gefen bakinsa, sosonsa na hannu bai saki ba.

"Ba komai, Hamsatu," ya ce da ƙyar. "Yunwa ne. Ba ni koko kaɗan, zan tashi."

Bai tashi ba. Matan gidan suka fito, wannan ta ce a ɗura masa manja, waccan ta ce a kira malam. Hamsatu ba ta tsaya jin su ba. Ta tare wani mai turin kaya, aka kwantar da tsohon a kan katakon amalankensa, suka bi lungunan unguwarsu ta Maamobi zuwa asibiti, tana gefe tana riƙe da kansa.

Ɗakinsa na jikin nata tun kafin ta haifi 'yar farinta. A da dakon doya yake yi a kasuwar Agbogbloshie, har bayansa ya ƙi. Sai ya koma sayen gangunan ƙarfe a hannun wani direba da ke kwaso su daga bayan wata masana'anta a garin Tema. Ya yanke musu kai, ya shiga ciki da soso da sabulu, ya shafa musu shuɗin fenti, ya sayar a zuba ruwa. A wannan shekara da ake fama da fari, da famfo kan yi kwanaki bai ɗiga ba, babu gidan da ba a ajiye gangarsa ba. Ita kanta Hamsatu da ruwan gangarsa take dama kokon sayarwa.

A asibiti wata nas ta buɗe idonsa, ta shinshina rigarsa, ta juyo.

"Guba ce ta shiga jikinsa ta fata da numfashi. Wace iri ce? Me aka rubuta a jikin gangar?"

"Ban iya karatun boko ba."

"To nemo wanda ya iya, Mma. Kowace guba da maganinta. Yi sauri."

Hamsatu ta koma da ƙafa, ɗankwalinta a hannu. Ƙosanta ya ƙone ƙurmus a kasko, ko kallonsa ba ta yi ba. Ta zagaya gangunan ɗaya bayan ɗaya. Duk tsohon ya shafe su da fenti, sai wadda ta ciro shi daga ciki, ita ce da sauran takarda manne a ƙugunta, rabi a kankare.

Mutum ɗaya ta sani da zai gane abin: Osumanu, duba-garin da 'yan unguwa ke kira tankas, a gabansa kuma su ce Masa, wato maigida. Shi ne mai leƙa randunan mutane yana kai su kotu. In ya shigo gidan nan ya ga da irin ruwan da take dafa abinci, sana'arta ta ƙare. Ta tsaya a ƙofa. Ta koma ciki. Ta ɗauki kasko, ta ajiye. Sai ta tuna yadda kan tsohon ke rawa a tafin hannunta, ta fita da gudu.

A mahaɗar Kawukudi ta same shi cikin kakinsa, yana faɗa da wani mai nama.

"Masa Osumanu, don Allah zo. Mutum na mutuwa."

Da suka iso bai taɓa gangar da hannu ba. Ya ɗaure hanci da hankici, ya juya ta da ƙafa, ya durƙusa.

"Kin ga wannan ƙoƙon kai da ƙasusuwa biyu? Alamar guba ce mai kisa. Maganin ƙwarin gona ne, mai ƙarfin. Ga shi an rubuta: kada a sake amfani da mazubin, a huda shi a binne. Ko a masana'antar, ba a yarda mutum ya kusance shi ba sai da safar hannu da takalmin roba da abin rufe hanci. Shi da me yake shiga?"

"Da gajeren wando."

"Ruwan wankin fa, ina yake zubarwa?"

Ta nuna masa kwatar da ta ratsa gaban gidan. Osumanu ya miƙe a hankali, ya bi tsakar gidan da ido. Ƙofar kowane ɗaki da shuɗiyar ganga.

"Duk sai an huda su. Yau."

Gidan ya kaure da hayaniya. Adiza, mai ɗakin ƙarshe, ta tsaya a gaban tata ta buɗe hannuwa.

"A wannan fari? Ka san tun yaushe na bi layi kafin na cika ta? Mun daɗe muna sha, wa ya mutu? Hamsatu, ke kika jawo mana tankas cikin gida!"

"Ni na jawo shi," in ji Hamsatu. "Masa, bar su tukuna. Nas na jira."

Suka tari tasi. A hanya Osumanu ya yi ta magana, kamar da kansa yake yi. Wai akwai hukumar kula da muhalli, akwai dokar zubar da sharar masana'anta, amma shi ba a taɓa aiko shi da ko safar hannu ba, sai dai ya leƙa randa ya nemi tsutsar sauro. Hamsatu ba ta ji rabin abin da ya ce ba. Tana ta buga ƙafa a ƙasan motar, tana tunanin yaran da ke shan kokonta kafin su tafi makaranta.

Osumanu ya faɗa wa nas sunan maganin. Ta gyaɗa kai, ta ce shi ta yi zato, sun riga sun fara yi wa tsohon allura, amma gubar ta daɗe tana taruwa, kuma ƙirjinsa ya cika da ruwa. Ta bar Hamsatu ta shiga.

Baba Alidu na kwance, numfashinsa na kurari. Ya gane ta.

"Kin bar kasuwa saboda ni."

"Kasuwa tana nan, Baba."

"An ce ganga ne." Ya huta. "Ina wanke su sosai, Hamsatu. Ki gaya ma mutane. Ban taɓa sayar ma kowa da datti ba."

"Kowa ya sani. Ni shaida ce."

Ta riƙe hannunsa. Fatar ta yi kaushi, ta tsattsage, ƙarƙashin faratan duk shuɗin fenti. Ta yi ta maimaita masa kalmar shahada, leɓɓansa na bin ta. Ana kiran la'asar a masallacin da ke bayan asibitin ya cika.

Ba shi da kowa a Accra, danginsa na can arewa, don haka gidan ne ya ɗauki nauyinsa. Aka dawo da gawarsa, aka shigar da ita ɗakinsa. Liman ya zo, ya naɗe hannun riga, ya ce a kawo ruwan wanka. Adiza, idanunta jajur, ta ɗauki bokiti ta nufi gangarta. Ta ɗaga murfin. Ta tsaya haka, bokitin na lilo a hannunta.

"Ba da wannan ba," in ji Hamsatu.

Ta je ta jingina kafaɗa da tata gangar, ta tura har ta kife. Ruwan ya malale tsakar gida, kaji suka watse. Ta ɗauko gudumar marigayin ta miƙa wa Osumanu, ta ce ya fara da tata. Sannan ta ɗauki babban bahonta, ta ce da matan su biyo ta.

Ƙarar huda ƙarfe ta raka su har bakin titi. Sai da suka gangara unguwar Nima kafin suka sami famfo mai rai, layin bokitai ya miƙe har ya sha kwana. Hamsatu ta je gaba ta ce ruwan gawa suke nema. Matar da ke gaban layin ta janye bokitinta, na bayanta ma suka ja da baya.

Hamsatu ta ajiye bahon, ta tsuguna. Ruwan na zuwa siriri kamar zare, yana yankewa yana dawowa. Adiza ta tsuguna kusa da ita, ta sa hannu ta gyara bakin bahon don kada ko ɗigo ya zuba a ƙasa.